Keken Mutum Biyu

A gidan ruwa, inda yake kula da injinan da ke tura ruwa cikin gari, babu mai kiransa da wani suna sai Ba-Hutu. Kekensa ne ya jawo masa. Irin keken nan ne da fedarsa ba ta tsayawa: muddin taya na juyawa, dole ƙafa ta juya, a hawa ko a gangara. Ba da gangan ya fara ba. Yana saurayi haƙoran tayar baya suka saki, mai gyara ya ce kayan sun yanke a kasuwa, ya ɗaure masa su da walda, wai ya lallaɓa kafin a kawo. Kafin a kawo ɗin ƙafarsa ta saba. Daga nan ko keken wani ya ara, da ya ji feda ta sake a ƙarƙashinsa sai gabansa ya faɗi.

Gidan ruwan yana kan tudu a bayan gari. Kullum da sassafe yakan naɗe ƙafar wando ta dama, ya ɗaure kwanon abincinsa a baya, ya bi ta layin masu katako, ya haye gada, sannan ya kama hawa. Abokan aiki su wuce shi a kan babur suna danna masa hon, ya ɗaga musu hannu. Da yamma ya gangaro yana danne gudun da cinyoyinsa. Birki ɗaya gare shi, na gaba, ba ya taɓa shi sai wani ya gitta.

Wanda ya koya masa keke tun yana ƙarami yayansa ne, mai gyaran agogo. Mutum ne mai barkwanci, har ciwon suga ya taɓa masa ido. A hankali ganin ya yi ta ja baya, ya tafi gaba ɗaya. Ya rufe teburin aikinsa, ya koma kujera kusa da taga, rediyo a cinya, ko kunnawa ba ya yi.

Wata yamma Ba-Hutu ya biya ta gidan daga wurin aiki. Matar yayan ta tare shi a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Auta, ɗan'uwanka fa ya daina cin abinci. Yadda na kai haka nake ɗaukowa."

Bai kai ga amsawa ba suka ji murya daga ɗaki. "Auta, sarƙarka ta yi sako-sako. Tun daga bakin layi nake jin ta. Shigo da shi."

Ya tura keken har gaban kujera. Yaya ya bi shi da hannu daga sirdi zuwa taya, ya murza feda, ya kasa kunne. Ya daɗe yana shafa sirdin da hannunsa. Ba-Hutu ya koma gida yana ta juya abin a ransa.

Ya samo tsohon keke a wurin masu gwangwan, ya haɗa da wani da ya daɗe a jingine a ɗakin ajiyarsa, ya kai wa mai walda, ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke: sirdi biyu, feda biyu, sarƙa ta haɗa su. Mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya karɓa. Haɗin farko ya fito a karkace, yana tafiya yana jan hagu. Aka yanke aka sake.

Ranar da ya kawo shi, matar yayan ta zagaya keken ta riƙe haɓa.

"Ido ya tafi, yanzu haƙoran kake so su bi shi?"

"Ƙyale shi," in ji Yaya, yana laluben takalmansa. "Lokacin da nake koya masa, a kwata na sake shi. In ya kayar da ni, ramuwa ce."

A filin ƙwallon makaranta suka fara, ranar da Ba-Hutu ba shi da aiki. Sun faɗi kuwa, a kan ciyawa, Yaya yana kwance yana ƙyalƙyala dariya yana cewa an rama. Da suka fita kwalta, Ba-Hutu ya riƙa faɗin duk abin da ke gaba: ga rami, ga kwana, za mu tsaya. Ba a jima ba Yaya ya dafa masa baya.

"Rage surutu. Ƙafarka tana riga bakinka gaya mini."

Gaskiya ya faɗa. Da yake sarƙa ɗaya ta haɗa su, kuma fedar ba ta sakewa, duk lokacin da na gaba ya danne ko ya sassauta, na baya yana ji a tafin ƙafarsa. Daga nan sai Yaya ya zama mai ba da labarin hanya. Ya ji ƙamshin katako ya ce sun shigo layi. Ya ji ƙarar taya ta sauya, iska ta yi sanyi, ya ce ga su a kan gada, ruwa ya ƙaru bana. Ba-Hutu ya leƙa ƙasa, ya ga haka ne.

Ido bai dawo ba. Amma Yaya ya koma cin abinci, har yana ƙorafin gishiri. Shi ke shafa wa sarƙa mai, shi ke ɗaure wayoyin taya, yana ƙyasta su da farce yana sauraro. Maƙwabta suka fara kawo masa tayoyinsu da suka lanƙwashe.

Yanzu Ba-Hutu ya bar aiki, furfura ta cika kawunansu duka biyu, gwiwa ma ta fara magana. Sun daina hawa tudu. Sukan bi miƙaƙƙiyar hanyar da ta nufi gonaki, su jingine keken a gindin bishiya, su yi ta musu a kan wanda ya fi wani nauyi.

Kwanakin baya matar yayan ta ce ita ma a ɗana mata. Ba-Hutu ya ɗauke ta, tana riƙe da rigarsa tana salati. A ƙarshen layi ta ce ya tsaya, ta sauka ta gyara mayafinta.

"Ku biyun nan sai addu'a," ta ce. Ta komo gida a ƙasa.