Orpha Tilghman da Ƙofar Baya

Ni da Orpha Tilghman mun tsufa tare a tsohuwar mashayar garinmu a Maryland, wadda aka mayar gidan tarihi. Ni ina ɗinka tufafin zamanin da, ita tana zagayawa da baƙi. Kakanninta bayi ne a gidan, su suka dafa abin da masu yaƙi da Ingila suka ci suna ƙulla shirin 'yancin Amurka. Shi ya sa Orpha ba ta taɓa shigar da baƙo ta ƙofar gaba ba. Kowa sai ya bi ta baya, ya sunkuya ya shiga madafa, hayaƙi ya cika masa ido, kafin ya ga ɗakin manya.

Bara aka kawo sabon shugaba, Mista Pruitt. Ya ce wa Orpha ko ta koma shigar da baƙi ta ƙofar gaba, ko ta ajiye aiki.

Ta ce, "Ɗana, ƙofar gaba ta masu ci ce. Ni jikar masu dahuwa ce."

"Madam Tilghman, mutane na buga kai a katakon ƙofar nan."

"Sai su sunkuya. Kakar kakata har ta mutu tana yi, kanta bai fashe ba."

Ya sallame ta. Yanzu duk Asabar tana kafa kujera a bakin titin bayan gidan, inda ba shi da iko. Baƙi kan tsaya su saurare ta tukuna, wasu ma ba sa ƙarasawa ciki.