Hatimin Gida a Agarar Jikata

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a tsakar gidan dangin mijina da ke Gwandu. Mu huɗu ne a wurin: ni, da ɗana, da jikata mai shekara tara, da yayar marigayi mijina, wadda nake kira Yaya tun ina amarya. Yarinyar ta cire takalmi za ta wanke ƙafa, sai Yaya ta kama ƙafar ta ɗaga, ta shafa bayan dunduniyar, ta yi murmushi. Wani ƙullutu ne mai tauri ya fito a kan agarar.

A gidan nan ana kiran wannan abu hatimin gida. Mijina yana da shi, mahaifinsa ma haka, kuma ɗana ya fito da nasa bayan ya yi aure. Da shi mata ke tabbatar da cewa mutum jininsu ne. Yaya ta ce ba a taɓa ganin wanda nasa ya fito da wuri haka ba, kuma dalilin a fili yake, tunda auren zumunci aka yi: uwar yarinyar 'yar ƙanen mijina ce. Ta kuma ce yarinyar ta cika rama, za ta ƙara mata man shanu a tuwo.

Na koma Kalgo, inda nake zaune tun da na ajiye aikin koyarwa, amma na kasa zama. Na share ɗakin da na riga na share. Na goge zanen da ba ya bukatar guga. Matan mishan da suka koyar da ni sun hore mu da cewa duk abin da ya maimaita kansa yana da dalili, kuma ragwanci ne a bar shi ba a bincika ba. Mijina ya faɗi a gonarsa ta Kambaza, fartanya a hannu, bai yi furfura ba. Ƙanensa ya faɗi a hanyar kasuwa. Mutane sun ce sun yi sa'a, ba su sha jinya ba. Ni ban taɓa ganin sa'ar ba.

Na tafi wajen wata likita, tsohuwar ɗalibata, na kwatanta mata abin dalla-dalla. Ta ajiye alƙalaminta. Ta bayyana mini cewa akwai gidajen da ake gadon yawan kitse a jini, ko da mutum siriri ne kamar kara, kuma kitsen kan taru a agara kamar yadda yake taruwa a jijiyoyin zuciya. Wanda ya gada ta uwa da ta uba, nasa kan fito tun yana ƙarami, kuma ya fi haɗari. Ta ce a kawo yarinyar a auna jininta ba tare da jinkiri ba.

Ɗana ya yi ta ja da baya. Tsoronsa kada a ce gidansu gidan ciwo ne, 'yarsa ta rasa mai nema nan gaba. Na gaya masa sai ta rayu tukun za a yi zancen manema. Da na koma Gwandu ɗaukar ta, Yaya ta tsaya a bakin zaure.

"Malama, ke baƙuwa ce ga wanga gida. Abin da kakanninmu suka bar muna shi za ki kai asibiti a kira shi cuta?"

"Yaya, ƙannenki biyu suna da shi. Ina suke yau?"

Ba ta matsa daga bakin zauren ba. Ɗana ne ya fito riƙe da hannun yarinyar, ya rusuna ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri," ya raɓa ta gefenta ya wuce.

Gwajin ya nuna abin da likitar ta faɗa. An sa yarinyar a kan magani, an rage mata man shanu, an kuma sa uwarta da ubanta a kan nasu. Yaya ta ƙi a auna ta, kuma har yau ba ta amsa gaisuwata.