Rijiyar da Na Gina a Birnin Tsaba

Shekara tara na yi ina ginin rijiya ƙarƙashin wani shugaba a Kaura Namoda, ban taɓa zaɓar wuri da kaina ba. Mutum ne mai tsawa. Zai sauko daga mota, ya zana da'ira da sandarsa, ya ce a tona. In an samu ruwa nasa ne, in an tarar da dutse ma nasa ne. Abokan aikina sun tsane shi. Ni kuwa, gaskiya, ina jin daɗinsa, don barcina nake yi har da minshari.

Da ya yi ritaya aka kawo mana wani mai sanyin murya. Ranar da za mu Birnin Tsaba ya miƙo mini sanda, ya ce, "Kai ka san ƙasa, ni takarda nis sani. Tai ka zaɓa." Sauran suka yi ta murna an samu mai daraja ma'aikaci. Ni haushi na ji. A ganina wayo ne, yana so ya ci tuwo da hannun wani.

Na zagaya garin, na zaɓi gindin wata kanya. Mako biyar muna haƙa, mata na wucewa da tuluna zuwa rafi mai nisa, suna yi mana sannu. A zurfin gaba goma sha ɗaya diga ta fara tartsatsi. Dutse ne shimfiɗe, ko danshi babu.

Na aika wa sabon shugaban, na ɗaure kayana, don na tabbata kora ce. Ya zo ya leƙa ramin. Mai gari da jama'a suka kewaye mu. Wani dattijo ya ce, "Wa yaz zaɓi wurin ga?"

Na saba a irin wannan lokaci in duƙar da kai, wani ya amsa. Shugaban ya ja baya taku ɗaya, ya bar ni a gaba. Na ce, "Ni ne."

Sai ya dafa kafaɗata, ya ce wa mai gari, "Shi za ya nuna muku inda za a koma. Ba ni da wanda yaf fi shi."

Na kwance kayana. Ban taɓa jin tsoron aiki irin na ranar ba, kuma ranar na fara son aikin.