Kifin Yaya Sabo da Ya Ƙi Cin Abinci

A wannan makon Yaya Sabo ya cika shekara huɗu da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ba yabonsa ya sa na ɗauki biro ba. Laifi na yi masa, har yau kuma yana cina.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu gidan fawa ne, a unguwar Abattoir ta Jos muka buɗe ido, amma shi Allah ya jarabce shi da kifin teku. A ɗakinsa na unguwar Rikkos ya kafa akwatin gilashi, gishirin haɗa ruwan ma daga Legas ake aiko masa, ga na'urar ɗumama ruwa saboda sanyin Jos. Kifayen ba su kai ɗan yatsa tsawo ba, masu zanen baƙi da fari, wai su kadinal. Ba na wucewa sai na tambaye shi guda nawa za su cika tukunya. Burinsa ɗaya ne, ya ga sun hayayyafa a garin nan da bai san teku ba. Har wata 'yar bushiya irin ta teku mai ƙayoyi ya haɗa da tsinken tsintsiyar roba, wai a cikinta jariran za su ɓuya. Abokin haukan nasa maƙwabcinsa ne, Oga Pam, tsohon ma'aikacin gwamnati. Suna bayani ina dariya, ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Jinyar kwana tara ya yi. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Garba, ka kula da namijin nan."

Bayan sadakar uku na leƙa akwatin. Biyu suka rage, mace da namiji. Namijin ya lafe a kusurwa, haɓarsa ta kumbura, in na zuba abinci ya juya baya. Matan gida suka ce shi ma juyayi yake. Ni abin da sana'a ta koya mini shi ne, dabbar da ta daina ci a ware ta kafin ta shafa wa sauran. Oga Pam kuwa ya riga ya tashi tun lokacin da rikici ya raba gari, Musulmi da Kirista kowa ya koma cikin nasa. Ba ni da lambarsa, kuma tsoro ya hana ni tsallakawa unguwarsu in neme shi. Na sa 'yar raga na kamo namijin cikin bokiti. Nan take ya buɗe baki ya zubo wasu abubuwa jajaye kamar ƙwayar dawa. Na ce alhamdu lillahi, ya amayar da cutar, na kwashe su na watsa a kwata.

Bayan wata biyu na ci karo da Oga Pam a kasuwa, na ba shi labari ina jiran yabo. Sai ya ce, "Garba, ƙwai ne fa. Namijin ke riƙe su a baki, sati uku ba ci, har su ƙyanƙyashe. Abin da Sabo ya shekara uku yana jira ke nan."

Namijin da na mayar cikin akwatin bai sake ɗaukar ƙwai ba. Ya mutu a wata damina da aka ɗauke wuta kwana uku, janareto ya ƙi tashi, ruwan ya yi sanyi.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Jos ta yau. Kowa da waya a aljihu, amma Oga Pam bai ƙara tako Rikkos ba, ni ma ban san ƙofar gidansa ba. Ba na jin Yaya zai yi mini faɗa. Shiru zai yi, shi ne kuma ya fi mini ciwo.

'Ya'yansa babu ruwansu da kifi, suna jiran in kwashe akwatin su sami ɗaki. Macen ta tsufa, ba na zaton za ta kai baɗi, daga ita kuma shi ke nan. Bushiyar tsintsiyar ce dai tana nan yadda ya bar ta. Duk Juma'a nakan ciro ta in wanke in mayar. Babu abin da ya taɓa ɓuya a cikinta.