Wajena Bai Wuce Ƙofar Gida Ba

Ni dai bokona a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, amma a unguwarmu a Ƙanƙara in waya ta ƙi kamawa ni ake nema. Ba wai na iya ba ne. Na dai lura in ka kashe abu ka sake kunnawa, ka ɗaure fuska kana yi, yawanci sai ya tashi. Da haka na ci sunan injiniya, ban kuwa taɓa musawa ba.

Baba shina da saniya guda da ya fi so bisa kowa a gidan, har da ni. Tun da kiwo a daji ya zama abin da ya zama, a garke bayan ɗakin Inna take ɗaure. Bara ta zo haihuwa ba kowa kusa, ɗan ya mutu a ciki, ita ma da ƙyar ta tashi. Bana da ta sake ɗaukar ciki, Baba ko masallacin Juma'a ya je sai ya dawo da sauri kamar ya bar tukunya bisa wuta.

Sai yayana da ke aikin gini a birni ya aiko da kyamara da ɗan akwatin wayifai, wanda ake sa wa layi ya raba sabis a gida. Na hau katanga na ɗaure kyamarar tana kallon garke, na ja waya zuwa batirin sola. A takardar da ta zo da ita akwai wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo tsakani. Na rubuta su a wayata, na sa faswod ɗin da ke takardar, sai ga saniya tana tuƙa, ƙuda na yawo a hancinta.

Baba ya riƙe wayar da hannu biyu. Ya kalli waya, ya kalli saniya, ga ta nan gabanshi taku biyar. Ya ce, "Ikon Allah. To in na tahi kasuwa hwa? Ka gwada a waje?"

Na ce, "Baba, ba ni minti biyu."

Na fita zaure, tana yi. Na fita ƙofar gida, na zauna bisa dakali, tana yi. Har na ƙara taku uku zuwa gindin dalbejiya don kar a ce ban yi bincike ba. Na dawo na ce, "Na gwada a waje. Ko Makka ka je za ka gan ta."

Da wannan magana tawa Baba ya yarda ya kai masara kasuwar 'Yankara, alhali saniya ta fara sakin nono, kwananta ya kusa. Ya ce in biyo shi, ni ne mai riƙe ido.

Mun sauke buhuna wajen hantsi. Abokan Baba suka taru ana gaisawa, cikinsu har da wani dattijo dillalin hatsi daga Sabuwa mai yawan dariya. Baba, mutumin da ban taɓa jin ya yi fariya ba, ya ce, "Ku tsaya ku ga saniyata." Ya juyo gare ni. "Injiniya, buɗe muna."

Na rubuta lambobin. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a fuskar waya. Ya juya, ya juya. Na kashe waya na kunna, na ɗaure fuska. Zobe ya ci gaba da juyawa.

Dillali ya leƙo ya ce, "Alhaji, saniyar taka zagaye take yi haka? Ko juwa ke ɗibarta?"

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce a hankali, "Kai, mi ke nan?"

Na ce, "Sabis ne, Baba. Sabis ɗin garin nan ba shi da tarbiyya."

Akwai shagon caji a bakin kasuwa, mai shagon shina sayar da wayifai na awa. Na ja Baba can, dillali ya biyo mu, don ya ga ba a gama wasan ba. Na hau wayifai ɗin shagon, na sake rubuta lambobin nan, na sa faswod. Sai hoto ya buɗe tar!

Na ce, "Ga ta nan! Ban ce maku sabis ba ne?"

Baba ya karɓa ya ƙura ido. Ya daɗe. Ya ce, "Wanga ba saniyata ba ce."

Na leƙa. Wani ƙaton kai ne a hoton, an yi mashi aski rabi da rabi, ga kunnuwa kamar marfin kwano. Na ɗaga hannu in sosa kai, mai hoton ma ya ɗaga.

Dillali ya riƙe ciki. "Wallahi ƙeyarka ce! Alhaji, ka yi kiwo mai kyau, ta yi ƙiba!"

Ashe mai shagon irin kyamarar ya ɗaura bisa ƙofa, tana kallon bayanmu. Ya zabura ya zagayo. "Kai, wa ya ba ka faswod ɗina?"

Na ce, "Wanda ya zo a takarda ne, maigida. Kai ma ba ka canza ba?"

Ya kau da kai yana sosa ƙeya. Wannan ne kaɗai ci ɗaya da na yi ranar.

Da ya huce na ba shi labarin kyamarar gidanmu, sai ya tambaye ni inda na gwada. Na ce a waje. Ya ce wane wajen? Na ce gindin dalbejiya.

"Ta ina?"

"Ta ƙofar gidanmu."

Ya dafe kai. Ya ce, "Ɗan'uwa, ai wayifai ɗin gidanku ya kai nan, kana cikin gida har lokacin. Lambar nan sunan cikin gida ce. Kamar Auta. A gidanku ka ce Auta, an san wa kake nufi. Ka shigo gidana ka ce Auta, nawa zai amsa maka. Ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ce Auta, wa zai kula ka?"

Baba ya ce, "To sunan yankanta hwa?"

Mai shago ya ce akwai wata doguwar lamba a manne a gindin kyamarar, ita ake sawa a manhaja, ita ce ake kiranta da ita daga ko'ina. Sai dai wani ya karanto muna daga gida.

Baba ya ciro ƙaramar wayarshi mai maɓalli ya kira Inna, ya buɗe murya kowa na ji. Na matso na ce, "Inna, ki sa turmi ki hau, ki duba ƙarƙashin kyamara..."

Ta ce, "Kai rufe mani baki da turmi! Ina Malam? Malam, saniyar ta kwanta tun ɗazu tana nishi. Ƙafa ɗaya ta fito, ɗayar ban gan ta ba."

Dillali ya daina dariya. Baba ya zauna bisa benci kamar an tura shi. Ko mashin ya hau yanzu, kafin ya kai Ƙanƙara komai ya riga ya faru, kuma ni na kawo shi nan da bakina.

Ya ce, "Kar ki ja. Kin ji? Kar ki ja. Wanke hannu da sabulu, ki shafa man gyaɗa har gwiwar hannu. In ta tsagaita nishi, ki maida ƙafar ciki kaɗan, ki laluba ɗayar."

Inna ta ce, "Na yi wa awaki, ban taɓa yi wa saniya ba."

"Akuya ce babba. Bismillah."

Muka matso kusa da wayar. Wani ya shigo karɓar wayarshi, mai shago ya ɗaga mashi hannu ya tsaya. Ba ka jin komai sai nishin saniya da Inna tana salati. Ni kuwa wayata na hannuna, ban san inda zan sa ta ba, na tura aljihu.

Can Inna ta ce, "Na kamo ta. A lanƙwashe take."

"Rufe kofaton da tafinki kar ya yage ta. Miƙo a hankali. In ta yi nishi, ki bi ta."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san na yi addu'o'in da ban san na haddace ba. Sai muka ji wani abu ya faɗi tim, sai shiru, sai atishawa ƙarama.

Inna ta ce tana haki, "Mace ce. Tana motsi. Uwar na lasarta."

Baba ya sa hula ya rufe fuska ya ɗan jima a haka. Da ya sauke ya ce a waya, "Maraƙar taki ce, na ba ki." Ya kashe.

Ya miƙe, ya gode wa mai shago, ya dube ni daga sama har ƙasa. Na shirya jin komai. Sai ya ce, "Tahi ka tsare buhuna. Ka zauna bisansu, inda za ka gan su da idonka."