Baƙon da Aka Ce Wa Ya Ƙara Kwana

A ƙauyen Kuma, can saman duwatsun Kpalime, duk mai jakar goyo da ya sauko daga bayan babur yana rarraba ido, gidan Fo Sename ake nuna masa. Fo laƙabin girmamawa ne ga namiji a harshensu. Ba otal ba ne. Ɗakuna biyu ya liƙa a jikin nasa, da katifa da gidan sauro, sai bokitin wanka. Masu kuɗi ba sa hawowa nan. Masu zuwa 'yan maneji ne, Turawan da za su tsaya cinikin ayaba har mai ita ta gaji, waɗanda suka biyo gaɓar teku tun daga Gana, suka ji labarin wani ƙauye mai sanyi inda kwana ba tsada.

Sename manomin kofi ne tun tasowarsa, baƙi ne suka mai da shi ɗan jagora. Yakan kai su inda ruwa ke zubowa daga dutse, ya murza ganye a tafin hannu ya fito da jan rini, su kuwa su yi ta ɗaukar hoto sai ka ce ba su taɓa ganin ganye ba. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa tambayar baƙo ranar tafiya ba. A Kuma wannan abin kunya ne. In baƙo ya ce zai tafi, dole mai gida ya ɓata fuska ya ce, "Tun yanzu? Ƙara kwana mana." Kowane ɗan ƙasa ya san abin da ke biyo baya: baƙo ya yi godiya, ya ɗauki kayansa.

Matarsa Mawuena, wadda ake kira Da, laƙabin girmamawa na mata, ita ce ke dakan sakwara da wankin zannuwan gado. Shekara da shekaru tana kakkaɓe yashin teku daga zanen baƙi, amma ita ko kasuwar Kpalime ba ta taɓa wucewa ba. Kowane baƙo sai ta tambaye shi ko da gaske ne ba a hango ɗaya gaɓar teku.

Wata shekara ta fara tuntuɓe da kujeru. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci nisa. Hagu ya riga ya tafi, dama saura ɗan kaɗan. A hanyar dawowa ta ce, "Fo, kafin wannan ɗin ma ya rufe, teku nake so in gani."

"Da wane arzikin?"

"Waɗannan 'ya'yan naka masu wando ɗaya da wane arzikin suke zuwa? Mu ma mu bi sawunsu."

Ya yi dariya, amma ya yarda. Hanyar ma ya haddace ta a bakin baƙi: motar haya zuwa Lome, a tsallaka iyakar Gana a ƙafa, a kwana a bukkokin masunta, a ci garin rogo da soyayyen kifi. Suka ajiye magana a kan da zarar an sayar da kofi, kafin ruwa ya sauko. Mawuena ta wanke wata tsohuwar jakar goyo da wani baƙo ya bari, ta shanya.

Ana gama sayar da kofi sai ga Joris. Dogo ne, ɗan ƙasar Holan, mai haƙuri da ladabi, ga shi ba ya raina abinci. Ya ce kwana biyu zai yi. Da suka cika ya fito da jakarsa a baya ya ce, "Papa, zan wuce."

Bakin Sename bai jira shawararsa ba. "Tun yanzu? Ƙara kwana mana."

Joris ya yi murmushi, ya koma ɗaki ya sauke jaka.

Haka aka yi ta yi. Duk lokacin da bawan Allahn nan ya ɗaure jaka, sai Sename ya faɗi abin da ubansa da kakansa suka faɗa, shi kuma ya kwance. Barin baƙo shi kaɗai a gida bai ko zo masa a rai ba, balle miƙa shi ga maƙwabci, a ce gidan Sename ya kasa riƙe mutum ɗaya.

Ran nan Mawuena ta tare shi a bayan madafa. "Kai da ɗan naka, yaushe za a raba gado?"

"Da, ya zan yi? In kore shi?"

"Wa ya ce ka kore shi? Ka yi shiru kawai in ya yi sallama."

"To ke jiya me kika ce masa?"

Ta yi tsaki, don ita ma da ya yi mata sallama haka ta ce masa, har da ƙara masa malmala.

Ruwa ya sauko Joris na nan, ya yi ƙiba, har ya koyi riƙon adda. Ranar da izinin zamansa a ƙasar ya zo ƙarewa, Sename ya raka shi bakin hanya. Nan Joris ya tambayi dalilin da Mama ke lalube in za ta ɗauki ludayi. Sename ya gaya masa, har da zancen teku. Yaron ya tsaya cak, fuskarsa ta yi ja.

"Papa, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ni tun farko Benin na nufa. Na ga kullum ranka na ɓaci in na ce zan tafi, shi ya sa na zauna."

Har yau in Sename ya tuna wannan tsayuwar sai baƙin ciki ya kama shi, don babu mugu a cikinsu da zai ɗora wa laifi.

Damina ta riƙe su a gona, kuɗin kofi ya tafi a magani. Kafin kofi ya sake nuna, idon dama ya bi na hagu. Duk da haka suka tafi, shi da jakar goyo, ita riƙe da gwiwar hannunsa. Matasa a tasha suka yi ta tsokanar su, wai Turawan Kuma sun fito yawon duniya. Ta ce musu, "Ku bari mu dawo, za ku sha labari."

Da hantsi suka isa wata gaɓa can gaba da garin Keta, a Gana. Ya cire mata takalma, ya ja ta har ruwa ya taɓa idon sawunta. Ta daɗe a tsaye, fuskarta na fuskantar inda ƙarar ke fitowa.

"Fo, kana hango ɗaya gaɓar?"

"A'a. Ruwa ne kawai, har ya haɗe da sama."

"Ka duba da kyau."

Ya duba da kyau, duk da hawaye sun hana shi gani sosai. "Babu, Da."

Ta gyaɗa kai. "Haka su ma suka ce."