Ranar da na yi wa kunnen Kawu ƙarya

Shekarun baya, ina aikin kafinta a shagon kawuna a Jega. Lokacin na yi aure har da 'ya'ya biyu, don haka ba zan fake da ƙuruciya ba.

An san Kawu da gane zarto. Duk wanda zai sayi sabo sai ya biyo da shi wurinsa. Zai lanƙwasa shi kamar baka ya sake. In ya miƙe tsaf, ƙarfen kirki ne. Zai hura masa numfashi ya ga yadda danshin ke gushewa. Daga ƙarshe ya ɗalle shi da farce ya saurara. Mai kyau amonsa na daɗewa, na banza kuwa sai ka ji kamar an bugi murfin tukunya.

Da kunnensa ya fara nauyi, ni kaɗai ya gaya wa. In ya ɗalla sai ya dube ni, ni kuma in faɗa masa a hankali.

Wata ranar kasuwa wani magidanci daga Aliero ya zo da zarto, zai yi rufin rumfar ajiyar albasa. Mai sayarwar ya biyo shi, kuma abokina ne tun na makarantar allo. Kawu ya lanƙwasa, ya ɗan yi jim, sannan ya ɗalla.

"Mi ka ji, ɗana?"

Murfin tukunya na ji. Amma abokina na tsaye yana kallona.

"Kawu, shina da amo," na ce.

Kawu ya miƙa wa mutumin. "Ɗauki wanga, ba ka nadama."

Mako bai cika ba mutumin ya dawo da zarton a karkace, haƙoransa sun kwanta. A gaban jama'a ya ce, "Baba, in kunne ya mutu a bar wahal da mutane." Kawu ya ba shi haƙuri, bai ko waiwaye ni ba. Daga ranar bai sake duba zarton kowa ba.

Sai da ya kwanta ciwo a garin Katanga na iya buɗe baki. Na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya ce, "Tun da na lanƙwasa shi hannuna ya ƙi shi. Sai na ce ƙila hannun ma ya tsufa, bari in bi naka kunne. Na yahe maka, tashi."

Ya yafe, Allah Ya jiƙansa. Amma yafiyar a ɗaki aka yi ta, mu biyu, shi kuwa a kasuwa aka ci masa mutunci. Na je Aliero sau biyu neman mutumin nan ban same shi ba. In yana raye, har gobe ya ɗauka kunnen tsoho ne ya cuce shi. Shi ya sa na rubuta wannan. Ni ne.